ZANCEN RUWA: Koke-koken masu fanfo da abin da ke bayansu

Kowace shekara, da zaran an shiga watan Maris rana ta fara ƙuna, zancen ruwa shi ke cika bakin mutane. A bakin fanfo, a ƙofar mai unguwa, a gaban biron kamfanin ruwa, kukan iri ɗaya ne daga Yamai har Damagaram. Wani ya ce kwana uku fanfonsa bai ɗiga ba, amma ga takardar biyan kuɗɗi ta zo. Wata ta ce ruwan ya zo ja kamar an dama jan ƙasa a ciki. Wani kuma maƙwabcinsa ne ya sako masa ruwan wanka a ƙofar gida. Waɗansu koke-koken rashin sani ne ya kawo su, bayani kaɗan ya ishe su. Waɗansu kuwa gaskiya ce tsantsa, kuma wajibi ne masu riƙe da ruwa su saurare ta.

Da farko ya kamata mai karatu ya san wanda zai kai wa kuka. A da, kamfanin wuta na NIGELEC shi ke riƙe da ruwan manyan birane, hukumar OFEDES kuma tana gina rijiyoyin karkara. A 1987 aka kafa kamfanin ruwa na ƙasa, SNE. A 2001 aka raba aikin gida biyu. SPEN, ta gwamnati, ita ke da dukiyar, wato rijiyoyin burtsatse da shato da manyan tiyo, kuma ita ke neman kuɗɗin sabon gini. SEEN, wadda wani kamfanin Faransa ke da kashi 51 cikin ɗari nata, ita ke tura ruwa, tana gyara, tana karɓar kuɗɗi. Yarjejeniyar SEEN ta ƙare, kuma daga farkon 2024 kamfanin ƙasa mai suna NDE ya karɓi aikinta. Ke nan mai kukan faktir ko fashewar tiyo, NDE zai nufa. Unguwar da tiyo bai kai ta ba ko kaɗan, maganarta ta wuce mai karɓar kuɗɗi, ta koma kan SPEN da gwamnati. Mutane da yawa suna zagin ɗan yaron da ke raba faktir kan abin da ba shi da iko a kai.

Faktir ta yi yawa

Wannan shi ne babban kuka. Kontar, wato agogon da ke ƙidayar ruwa a ƙofar gida, yana da lambobi iri biyu. Baƙaƙen su ne mita kib, jajayen kuma lita. Mita kib ɗaya lita 1,000 ne, wato tano 5 na lita 200, ko bido 40 na lita 25. Baƙaƙen lambobin su ma'aikaci ke rubutawa. A cire na watan jiya daga na wannan wata, abin da ya rage shi ne ruwan da gidan ya sha. Kowane gida yana da ɗan lakkwal da zai iya wannan lissafi. A ba shi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta lambar a ranar da ma'aikaci ya zo. Mai gidan da ya je biro da littafi a hannu, ana saurarensa fiye da wanda ya je da ɓacin rai kaɗai.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne ruwa ba farashi ɗaya gare shi ba. Hawa-hawa ne. A farashin da aka yi aiki da shi cikin shekarun ƙarshe na SEEN, mita kib 10 na farko kowanne sefa 127 ne, wato dala 25 da tamma 2. Daga na 11 zuwa na 40, sefa 321. Abin da ya wuce 40, sefa 515. An yi haka don talaka mai shan kaɗan ya samu sauƙi, mai ban ruwan fulawa da wankin mota ya biya da tsada. Niyyar mai kyau ce.

Sai dai a duba abin da ke faruwa a gidan haya. A ce ɗaki shida, iyali shida, kontar ɗaya. Kowane iyali ya sha mita kib 8 a wata. Da kowa da nasa kontar ne, kuɗɗin ruwan kowanne sefa 1,016 ne, ban da ƴan ƙananan abubuwan da ake ƙarawa cikin takarda. Amma da yake an haɗa su, kontar zai nuna 48. Goma na farko kaɗai ke samun rangwame, 30 su hau mataki na biyu, 8 su hau na uku. Jimla sefa 15,020, kowane ɗaki ya biya wajen jika biyu da rabi. Ba su ƙara shan ko ludayi ɗaya ba, kuɗɗi ya ninka biyu da rabi. Ga shi talakawa su ne ke cunkushe a gida ɗaya. Daga nan sai rigima ta tashi tsakanin mata: wance ta cika wanki, wane ya kawo baƙi. Laifin ba na wance ba ne, na lissafin ne. Mai gidan haya da ke da hali ya nemi a raba kontar. Masu tsara farashi kuma ya dace su sake duban wannan wuri, don rangwamen da aka yi domin talaka yana kuskure talakan.

Haka yake ga mai saida wa maƙwabta ruwa daga fanfon gidansa. Yana ganin riba yake ci, alhali duk bidon da ya fita yana tura shi mataki na sama. Ƙarshen wata sai ya rantse an yi masa cuta.

Akwai kuma yoyon da ba a gani. Tiyon da aka binne cikin tsakar gida yakan tsage, ruwa ya riƙa nutsewa cikin rairayi dare da rana ba wanda ya sani. Gwajinsa ba wuya. A rufe duk fanfunan gida, a je a dubi kontar. In ƙaramin abin da ke juyawa a fuskarsa bai tsaya ba, akwai yoyo. Ƙa'ida ita ce, daga kontar zuwa cikin gida na mai gida ne, shi zai kira mai gyara, shi zai biya ruwan da ya zube. Daga kontar zuwa titi na kamfani ne. Fanfon da ke ɗiga ma kada a raina shi. A tara masa kwalba da dare a gani da safe, sannan a lissafa kwana 30.

To, amma ba kullum ne laifi ke gida ba. Wani watan ma'aikaci bai zo ba, ko ya tarar da ƙofa a rufe, sai a ƙiyasta. Wani lokaci a yi kuskuren rubutu. Kontar kansa yakan tsufa. Masu cewa iska na juya musu kontar ma ba ƙarya suke yi ba: bayan yankewa mai tsawo tiyo yakan cika da iska, in ruwa ya dawo sai ya turo ta ta bi ta cikin kontar. Dabarar ita ce a rufe babban makullin da ke kusa da kontar in ruwa ya ɗauke, kada a bar fanfo a buɗe ana jira ya yi tsaki. Wanda bai yarda da faktir ɗinsa ba yana da ikon neman a sake karanta kontar ko a gwada shi. Ya kai kukan a rubuce, ya riƙe kwafi, ya adana duk rasit ɗin da ya taɓa biya. Kada ya zauna gida yana fushi har wa'adi ya wuce, don in aka yanke, maidowa ma da nata kuɗɗi.

Duk da wannan, mai kontar a gida shi ne mai sa'a. A wancan farashin, ana saida wa mai fanfon unguwa mita kib kan sefa 133. Bidon lita 25 bai kai masa tamma 4 ba. In ɗan ga-ruwa ya kawo bidon nan ƙofar gida kan dala 5, mita kib ya tashi jika guda, kusan ninki takwas na abin da mai kontar ke biya. A bazara kuwa, cikin unguwannin bakin gari, farashi yakan wuce haka. Ba a ga laifin ɗan ga-ruwa ba. Guminsa yake ci, shi ya yi layi tun asuba, shi ya tura amalanke cikin rairayi. Amma matar da mijinta ke ci-rani, wadda ba ta da abin sa kontar, ita ke sayen ruwa mafi tsada a gari, kuma ba ta da faktir da za ta kai biro ta yi kuka da ita. An yi shirye-shiryen sa fanfon gida a kan rangwame cikin shekarun baya, gidaje da yawa sun amfana. Wanda ya ji an buɗe irin wannan rajista a garinsu ya yi hanzari.

Fanfo ya bushe

Kowane gari da dalilinsa. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta kaɗan ne. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Nasara ya ɗauke babban birni daga can ya maida Yamai a 1926. An daɗe ana jawo wa garin ruwa daga nesa, daga Gogo da Mashaya, daga baya Arunguza da Ganaram. Na Gogo da Mashaya ya dogara ga damina: in ba a yi ruwan sama sosai ba, bazara mai zuwa za a gani a bakin fanfo. Duk sabon aikin da aka yi yakan kawo sauƙi na ƴan shekaru, sai gari ya ƙaru ya cinye shi.

Yamai daga kogin Isa take sha, ta ma'aikatun tace ruwa na Gudel da Yantala. Dattawa ba su manta da watan Yunin 1985 ba, lokacin da kogin ya daina gudu a gaban birnin. Bayan wannan ne aka yi madatsa a Gudel don a riƙe ruwa a lokacin rani. Maraɗi tana sha daga rijiyoyin burtsatse. A ƙasar Adar kuwa, akwai wuraren da sai an haƙa ɗaruruwan mita kafin a kai ga ruwa, ya fito da zafinsa.

Abin da ya haɗa su duka shi ne wuta. Injin da ke jawo ruwa daga ƙasa ya hau da shi shato, lantarki yake ci. In wuta ta ɗauke, abin da ke cikin shato kaɗai ya rage, shi kuma ba ya daɗewa. An ga haka ƙarara a watan Agustan 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Sannan ruwa gangare yake bi. Gidajen da ke kwari kusa da shato su ke fara sha, na kan tudu da na ƙarshen tiyo sai tsakar dare in kowa ya yi barci. Shi ya sa mata da ƴan mata ke kwana zaune suna tarar ruwa, yarinya ta wayi gari tana gyangyaɗi a lakkwal. Masu sa injin zuƙo ruwa kai tsaye daga tiyon kamfani suna ƙara dagula abin, don rabon maƙwabta suke janyewa.

Mutane sun san kamfani ba ya ƙirƙirar ruwa. Abin da ke ƙona musu rai shi ne rashin sanarwa. In za a raba ruwa unguwa-unguwa, a faɗi rana da lokaci a rediyo da harshen da jama'a ke ji, kuma a cika alkawari. Mace in ta san ranar Talata da dare ruwa zai zo, za ta tsara girkinta da wankinta. Haka kuma in an kai rahoton tiyo ya fashe a titi, kada a bar shi mako guda yana malala a gaban mutanen da ke sayen bido da tsada. Babu abin da ke kashe wa mai biyan kuɗɗi gwiwa kamar wannan.

Launi da wari

Ruwan da ya fito fari kamar nono, iska ce a cikinsa. A zuba a kofi a ajiye, zai washe daga ƙasa zuwa sama. Ba komai. Warin jabel ma alheri ne, shi ne maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a kan hanya. Wanda warin ya dama ya bar ruwan cikin randa mai murfi na ɗan lokaci, zai ragu. Jan ruwa bayan yankewa, tsatsa ce da laka da suka kwanta cikin tiyo. A tari na farko a yi yayyafi ko ban itace da shi har ya washe. A wasu garuruwa ruwan ƙasar ne ke da ƙarfe, ya fito garau, in ya sha iska ya yi ja ya ɓata farin tufafi.

Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne mai warin kwata. Tiyon da ba ruwa cikinsa yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wurin tsaguwa. In ya ratsa ta lambatu ko kusa da salga, ƙazanta za ta shiga. Irin wannan kada a sha, a kai rahoto nan take, a gaya wa maƙwabta. In dole ta sa, a tafasa ko a sa ƙwayar maganin tsabtace ruwa bisa yadda likita ya nuna.

Wani lokaci kuma ruwa ya fito garau, ba launi ba wari, alhali cuta na cikinsa. Mutanen Tibirin Gobir sun ga wannan. A 1985 aka buɗe musu rijiyar burtsatse, aka yi murna. Ashe ruwan yana da wani gishirin ƙasa mai suna fuliyor fiye da kima. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce miligram 1.5 cikin lita, na Tibiri ya ninka haka sau da yawa. Shekara wajen 15 ana sha. Haƙoran yara suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, ɗaruruwa suka nakasa har abada, iyaye suna ta neman magani wurin da babu shi. Sai daga baya aka gane, aka bar rijiyar. Tafasawa ba ta fitar da fuliyor, jabel ma haka. Awo ne kaɗai ke nuna shi. Saboda haka duk garin da aka yi wa sabuwar rijiya, ko gwamnati ta yi, ko ƙungiya, ko wani mai neman lada, hakimi da kwamitin ruwa su tambayi takardar awon ruwan kafin a buɗe, kuma su nemi a riƙa maimaita awon. Tambayar ba rashin godiya ba ce. In aka ga haƙoran yaran gari suna yin ɗige-ɗige ruwan ƙasa gaba ɗaya, a gaya wa likita.

Sau da yawa kuma ruwan ya baro fanfo lafiya, a gida yake lalacewa: bidon da ba a wanke cikinsa, randa a buɗe, moɗa ɗaya kowa ya tsoma hannu.

Na ƙauye

A karkara ba NDE ke riƙe da ruwa ba. Dokar ruwa ta 2010 ta ce kowa na da hakkin samun ruwa, ta kuma ce mai amfani da shi ya taimaka da kuɗɗi. Ƙananan shato na ƙauyuka suna hannun komin, ita kuma takan ba wani ɗan kasuwa ya gudana bisa yarjejeniya, ƙungiyar masu shan ruwa tana sa ido. Kukan da aka fi ji shi ne: ruwa na Allah ne, don me za a saida shi? Gaskiya na Allah ne. Amma gazuwal da farantin hasken rana da albashin mai tsaro ba kyauta ake samunsu ba. Cikin kowace dala da aka biya akwai rabon da ya kamata a ajiye don ranar da inji zai mutu. Tambayar da ta dace ita ce: ina wannan ajiya, nawa ke ciki, wa ke da sa hannu? A karanta lissafin a bainar jama'a, mata su halarta, tun da su ne ke biyan yawancin kuɗɗin daga ɗaurin zanensu. Garin da bai tambaya ba, ranar da inji ya tsaya sai a tarar da asusu wayam, a koma tabki. An sha wuya kafin a raba ƙasar nan da kurkunu, sai a 2013 aka tabbatar ta rabu da shi. Tsargiya da gudawa kuwa suna nan cikin tabki suna jira.

Ruwan ƙazanta

Masu faktir da yawa sun ɗauka kamfanin da ya kawo ruwa shi zai kwashe wanda aka ɓata. Ba haka ba ne. Garuruwan ƙasar nan ba su da hanyar ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazantar gidaje. Lambatun da ke gefen titi don ruwan sama aka gina su, kuma kulawa da su aikin komin ne. Ruwan wanka da na wanke-wanke da salga, nauyin mai gida ne. Ya haƙa rami a cikin gidansa, ya cika da duwatsu, ya rufe, ruwan ya nutse a nan. Sako shi titi shi ke kawo sauro da gaba tsakanin maƙwabta, kuma ma'aikatan tsabta suna da ikon cin tara.

Salga ta yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma ta ɓangaren gangare. In ta cika, a kira motar kwasa ko masu yashewa, amma a tambaye su inda za su zubar. Akwai masu jiran dare ko ruwan sama su juye cikin lambatu. Abin da aka zubar a unguwar tudu, a tsakar gidan mutanen kwari yake kwana. Kwalarar da ta ɓulla a Madarunfa a daminar 2018 ta kama mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, ta sake dawowa a 2021 ta taɓa jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Hanyarta ɗaya ce, kashin mutum ya sadu da ruwan sha.

Daminar 2024 ta nuna abin da toshewar magudanai ke ƙarawa a kan ruwa mai yawa. Gidaje sun faɗi a Maraɗi, an yi asarar rayuka, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a watan Satumba. Babu lambatun da zai ɗauke irin wannan ruwa duka, amma wanda ke cike da leda da rairayi ko rabin aikinsa ba ya yi. Komin takan ce ba ta da kuɗɗi, jama'a su ce sun biya haraji. Kowanne da gaskiyarsa. Sai dai yasar lambatu a watan Mayu ake yinta, kafin ruwan farko, kuma in matasan unguwa sun fito gayya sun yashe, komin ta aiko amalanke ko mota a kwashe tulin a ranar. In aka bar shi a bakin lambatu, iskar farko da ruwan farko za su maida shi inda ya fito.